Ruwan Elda: Tsohon Maganin Murar Turawa, Daga Shingen Gona Zuwa Kwalba

A Jamus, hukumar kula da yanayi ba ma'aunin zafi kaɗai take dubawa ba kafin ta ce wani lokaci ya shiga. Tana da masu sa kai a birane da ƙauyuka waɗanda aikinsu lura da itatuwa, su rubuta ranar da wannan ya yi fure da ranar da wancan ya nuna. A wannan kalandar ta tsirrai shekara kashi 10 ce, kuma bishiya guda ce ke buɗe kashi 2 daga ciki. Idan ta yi farin fure wajen ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, sai a ce lokacin zafi ya kama. Idan 'ya'yanta suka yi baƙi wuluk wajen ƙarshen Agusta, sai a ce kaka ta kunno kai. Jamusawa suna kiranta Holunder, mutanen Denmak su ce hyld, Turawan Ingila su ce elda, masana tsirrai kuma suka raɗa mata Sambucus nigra.

Nunar 'ya'yan ba sanarwar kaka kaɗai ba ce. A gidaje da yawa na arewaci da tsakiyar Turai, alama ce cewa a fito da almakashi da bokiti, a wanke kwalabe, a sayo sukari. Kafin Satumba ta ƙare za a jera kwalaben wani ruwa ja mai duhu a ɗakin ƙasa, kuma ba za a taɓa su ba sai hunturu ya shigo, yara sun fara dawowa daga makaranta da majina da tari. Wannan ruwa yanzu ya bar madafa ya shiga kantunan magani na duniya, har ya zama hajar miliyoyin daloli. Sai dai abin da ya yi tafiya shi ne kwalbar. Ilimin da ke tare da ita a gida, wato sanin bishiyar, sanin yadda ake kashe dafinta, da sanin inda amfaninta ya tsaya, an bar shi a baya, alhali shi ne rabin maganin.

Bishiyar bakin gida

Elda ba ta da tsada, ba ta kuma neman a lallashe ta. Tana son ƙasa mai taki, shi ya sa take tsirowa bayan garke, kusa da juji, gefen layin dogo, da cikin kangon gidan da aka daɗe da bari. Tsuntsaye ne ke shuka ta: su ci 'ya'yan, su yar da ƙwayar inda suka sauka. Takan kai mita 6 ko 7, wani lokaci ta zarce, kuma reshenta na da farar totuwa mai laushi wadda yara ke zaƙulewa su yi usur. Ganyenta idan aka murza yana da wani wari mai hawa kai. Manoman dā sukan rataya shi a jikin linzamin doki don korar ƙuda. A jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus, inda gonaki ke kewaye da dogayen shingaye na itatuwa da aka dasa a kan tudun ƙasa tun ƙarni na 18, da wuya mutum ya yi tafiyar minti kaɗan bai ci karo da ita ba.

Kusancinta da gida ya sa Turawan dā suka riƙe ta da girma. Jamusawa suna da tsohuwar magana cewa duk wanda ya zo wucewa ta gaban elda ya cire mata hula. A Denmak an yi imani da wata tsohuwa da ke zaune cikin bishiyar, Hyldemor, wadda sai an nemi izininta kafin a sari ko reshe ɗaya. Marubucin tatsuniyoyin nan Hans Christian Andersen ya rubuta labari a kanta a tsakiyar shekarun 1840, kuma labarin ya fara ne da yaron da ƙafarsa ta jiƙe mura ta kama shi, uwarsa ta dafa masa shayin furen elda. Likitoci ma ba a bar su a baya ba. Dioscorides, likitan Girka na ƙarni na farko, ya ambace ta cikin littafinsa na magunguna. A 1631 aka buga littafi sukutum a kanta a birnin Leipzig, Anatomia Sambuci, na likita Martin Blochwitz, wanda ya bi fure da ganye da ɓawo da 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya yana faɗin cutar da kowanne ke yi wa magani. An fassara shi da Ingilishi a 1655. Da yawa daga abin da ya faɗa likitancin yau bai yarda da su ba, amma ɗaya ya rage a bakin jama'a har gobe: elda ta mura ce.

Ranar tsinka

'Ya'yan elda ƙanana ne, ba su wuce milimita 6 ba, suna fitowa ɗaruruwa a gungu guda mai faɗin tafin hannu. Idan sun nuna, nauyinsu kan rinjayi gungun ya sunkuya yana kallon ƙasa, tsinkayen da ke riƙe da su kuma su koma ja. Mai tsinka ba ya ɓallar su ɗaya-ɗaya. Yakan kama gungun ta ƙasa da hannun hagu, ya datse shi daga tushe da almakashi, ya sa a bokiti a hankali don kada su fashe. Gungun da ke da kore ko ja da yawa a ciki a bar shi sai wani mako. Ana guje wa bishiyar bakin babban titi saboda hayaƙi da ƙura, da ta gefen gonar da aka yi wa feshi. Dokar kare muhalli ta Jamus ta yarda kowa ya ɗebi 'ya'yan daji daidai buƙatar gidansa a inda ba a hana shiga ba, amma wanda zai tara don sayarwa sai da izini.

Darasin farko da ake koya wa yaro a bakin shinge shi ne rarrabe elda da 'yar uwarta mai cutarwa. Akwai wata gajeruwa, Sambucus ebulus, wadda Jamusawa ke kira Attich. 'Ya'yanta baƙaƙe ne su ma, amma ita ba ta yin itace, ganye ce mai kara da ke mutuwa duk hunturu, ba ta cika wuce tsayin mutum ba, kuma gungunta yana kallon sama ne ko da ya nuna. Ba a shan ta. Akwai kuma mai jajayen 'ya'ya, Sambucus racemosa, wadda ƙwayarta ke ɓata ciki ko an dafa. Ƙa'idar gida a taƙaice take: itace mai ɓawo, baƙaƙen 'ya'ya, gungu a sunkuye.

A gida aikin haƙuri ke jira. Ana zama da babban kwano a cinya, a riƙe gungun ta wutsiya, a sa cokali mai yatsu a tsefe shi daga sama zuwa ƙasa, 'ya'yan suna zubowa suna tsalle, wasu su gangara ƙarƙashin tebur. Kafin a gama bokiti ɗaya yatsu sun rine, farce ya yi baƙi, kuma duk rigar da ruwan ya ɗiga a kanta ta zama ta aiki. Masu dabara sukan jefa gungun cikin firiza ya kwana. Da safe girgizawa kaɗai za a yi cikin leda, 'ya'yan su zube da kansu. Daga nan a zuba su cikin ruwa: nunannu su nutse, ɗanyu da tsinkaye da ƙwari su taso sama a kwashe.

Dafin da wuta ke kashewa

Duk wannan tsince-tsince ba don ado ba ne. Ganyen elda da tsinkayenta da ɗanyun 'ya'yanta da ƙwayar cikinsu suna ɗauke da wani sinadari mai suna sambunigrin, wanda idan ya narke a ciki yake sakin dafin sayanayid. Dangin abin nan ne da ke cikin rogo mai ɗaci, wanda ya sa ba a cinsa sai an jiƙa, an matse, an dafa. Akwai kuma wasu sinadarai a cikin ɗanyun 'ya'yan masu tayar da zuciya. Tsuntsu yana ci ya tashi lafiya; mutum idan ya sha ɗanyen ruwan da yawa, amai da gudawa da jiri ne sakamakon.

An ga haka a Amurka ranar 26 ga Agusta, 1983. Mutum 25 sun taru a wani wuri mai nisa da gari a gundumar Montere ta jihar Kalifoniya, aka raba musu abin sha. Cikin minti 15 mutum 11 suka fara amai, har sai da jirgi mai saukar ungulu ya kwashi 8 zuwa asibiti. Wanda ya fi jigata shi ne wanda ya sha kofi 5. Da jami'an lafiya suka bi diddigi, sai suka tarar an matse 'ya'yan eldar daji ne ɗanyu, tare da ganye da rassa, aka haɗa da ruwan tuffa da sukari, ba tare da an ɗora a wuta ba. Duka sun warke, amma rahoton ya zama abin da ake kafa hujja da shi har yau.

Maganin dafin mai sauƙi ne. Zafi yana wargaza shi. Shawarar da masu kare haƙƙin masu saye a Jamus ke bayarwa ita ce a dafa 'ya'yan a zafin da ya haura digiri 80 na tsawon minti 20, kuma a aikace mata sukan bari ya tafasa ne sosai, su rage wuta, su ƙirga mintunan daga nan. Babu matar ƙauyen Holstein da za ta miƙa wa jikanta ɗanyen ruwan elda. Masu jefa ɗanyun 'ya'yan cikin injin markaɗe, da sunan kada zafi ya kashe bitamin, su ne ke faɗawa ramin da kakanni suka san hanyar kauce masa.

Tukunya da kwalba

Hanya biyu ake bi. Ta farko tukunya kawai take buƙata, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, ba ta alminiyam ba, domin ruwan yana cin alminiyam ya sauya launi da ɗanɗano. A zuba kilo 1 na 'ya'yan da aka tsefe, a ƙara ruwa kamar kofi 1 zuwa 2, a rufe. Da sun ɗau zafi sai su fara fashewa, kumfa mai ruwan hoda ya taso, wani wari mai nauyi ya cika ɗakin, wanda ba kowa ke so ba. Bayan minti 20 na tafasa a sauke, a ɗan dandanne su da bayan ludayi, a juye cikin tsaftataccen ƙyalle da aka shimfiɗa a kan rariya. Tsofaffi sukan kife kujera a kan tebur, su ɗaure kusurwoyin ƙyallen huɗu a ƙafafunta huɗu, su ajiye kwano a ƙasa, ruwan ya kwana yana ɗiga. Ba a matsewa da ƙarfi, don kada a farfasa ƙwayar ɗacinta ya bi ruwan.

Hanya ta biyu ita ce ta tukunyar turara, wadda ake samu a gidaje da yawa a Jamus da Finlan da Suwidin. Aikinta kamar na madambaci ne, sai dai hawa uku gare ta. Na ƙasa ruwa ne ke tafasa a ciki. Na sama kwando ne mai huji inda ake zuba 'ya'yan. Na tsakiya shi ke tare ruwan da ke tsiyayowa, kuma yana da ɗan bututu a gefe wanda aka maƙala wa tiyon roba da abin matsewa. Tururi ya hau ya fasa 'ya'yan, ruwansu ya sauko. Bayan kamar awa ɗaya mai aikin za ta saki bakin tiyon, ruwa mai zafi ya zubo kai tsaye cikin kwalba. Kofin farko akan mayar da shi saman 'ya'yan, saboda bai daɗe a wuta ba kuma shi ne ya wanke tiyon.

Ruwan elda zallansa ba shi da daɗi, yana da bauri da ɗan ɗaci. Shi ya sa ake mayar da shi wuta da sukari. Mai son ruwan sha yakan sa giram 100 zuwa 200 a kowace lita. Mai son ya yi kauri ya daɗe yakan kai rabin kilo ko fiye. Ana jefa sandar kirfa, ƙwayoyin kanumfari 3 ko 4, wasu su ƙara citta, a ƙarshe a matse lemun tsami. A tafasa kwalabe da murafensu, a ɗura ruwan da zafinsa ta mazurari har kusa da baki, a rufe nan take, a rubuta shekara a jiki.

Lemun tsamin nan yana da aikin da ya wuce ɗanɗano. Binciken da aka yi a Jami'ar Mizuri a Amurka ya nuna cewa yawancin nau'o'in eldar Amurka ba su da tsamin da ake zato; ma'aunin tsaminsu ya haura 4.6, alamar ƙarancin tsami, inda ƙwayar botulizim mai shanye jiki ke iya rayuwa cikin rufaffiyar kwalba. Saboda haka masu ba da shawara kan adana abinci a can suke cewa wanda bai da tabbacin ma'auninsa ya ajiye ruwan a firiza. Kwalbar da aka buɗe kuwa firji ne wurinta, a shanye ta cikin 'yan kwanaki. Wadda murfinta ya kumbura, ko ta fitar da iska da aka buɗe ta, ko fumfuna ta bayyana a samanta, zubarwa ake yi ba ɗanɗanawa.

Idan hunturu ya shigo

Ba a shan ruwan da sanyinsa idan don mura ne. Ana zuba kashi ɗaya a kofi, a cika da ruwan zafi kashi biyu ko uku, a sa cokalin zuma, mai mura ya sha da dare ya shige bargo ya yi gumi. Zumar nan haramun ce ga jaririn da bai cika shekara 1 ba, domin tana iya ɗauke da ƙwayar botulizim wadda hanjinsa bai isa ya yaƙe ta ba.

A arewacin Jamus ruwan yakan zama abincin rana gaba ɗaya. Ana dafa shi da yankakken tuffa da ɓawon lemo, a ɗan kaurara shi da sitaci, a jefa masa ƙananan dunƙulen tsakin alkama da aka tuƙa da madara da ƙwai. Sunanta Fliederbeersuppe, kuma duk wanda ya tashi a Hambog ko Kiel ya san ta a matsayin miyar ranar da aka hana shi zuwa makaranta. Mutanen Denmak suna da irinta, suna ci da busasshen burodi. A Ostiriya ana dafa 'ya'yan da fiya da wasu 'ya'yan itatuwa har su yi kauri. A Ingila tsofaffin littattafan girki sun san wani kakkauran ruwan elda da kanumfari da ake sha cokali-cokali don tari. Kowace ƙasa da salonta, amma babu inda aka tsallake wuta.

Sai an gwada akan san na ƙwarai

Launin ruwan daga wasu sinadarai yake da ake kira antosayanin. Ɗaya daga cikin manyansu a elda yana nan a cikin zoɓo, shi ne ma cikin masu ba shi jan nan nasa. A ɗakin gwaji an ga ruwan elda yana hana bairas ɗin mura maƙalewa a jikin ƙwayoyin halitta. Amma abin da ya faru a kwalbar gwaji daban, abin da zai faru a jikin mutum daban.

Gwaji a kan mutane ya fara jan hankali ne daga Isra'ila, inda masaniyar bairas Madeleine Mumcuoglu ta haɗa wani ruwan elda mai suna Sambucol, aka gwada shi a kan mutane kaɗan lokacin ɓarkewar mura a 1993. Sai na Norwe da aka wallafa a 2004: majinyata 60 masu shekara 18 zuwa 54, rabi suka sha mililita 15 sau 4 a rana har kwana 5, rabi aka ba su wani ruwa mai kama da shi wanda babu elda a ciki. Waɗanda suka sha na gaske sun samu sauƙi kimanin kwana 4 kafin sauran. A 2016 masu bincike a Jami'ar Griffith ta Ostireliya suka bi fasinjojin jirgin sama 312 masu doguwar tafiya. Mutum 12 ne suka kamu da mura cikin masu shan ƙwayar elda, 17 cikin sauran, bambancin da bai isa a kafa hujja da shi ba. Amma murar masu shan elda ta fi gajarta da kimanin kwana 2, kuma ba ta yi tsanani ba.

Da a nan aka tsaya, da magana ta ƙare. Sai a 2020 likitocin Cleveland Clinic a Amurka suka fitar da nasu sakamakon. Sun ɗauki mutum 87, daga yara 'yan shekara 5 zuwa manya, waɗanda gwajin asibiti ya tabbatar suna da mura mai zafi ta infuluwenza. Masu shan elda sun kwashe kwana 5.3 kafin su samu sauƙi, masu shan na bogi kwana 4.9. Wato babu wani amfani da aka gani. A 2021 wasu masana suka tattara gwaje-gwaje 5 suka auna su tare, suka ce elda ba ta nuna alamar hana kamuwa da mura ba, mai yiwuwa tana rage tsawonta da tsananinta, amma hujjar ba ta da ƙarfi.

Dalilan raunin a fili suke. Mutanen da aka gwada ba su da yawa, wasu daga cikin binciken da tallafin masu sayar da kayan aka yi su, kuma mura cuta ce da ke warkewa da kanta cikin kwana 7 zuwa 10, don haka duk abin da mutum ya sha a rana ta uku zai iya karɓar yabon da bai yi aikinsa ba. Wani abin lura kuma, duk gwaje-gwajen da haɗin masana'anta aka yi su, mai ƙayyadadden ƙarfi. Na tukunyar gida ƙarfinsa ya danganta da bishiyar da shekarar da hannun mai dafawa. Hukumomin Turai ma sun bambanta tsakanin sassan bishiyar: hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da furen elda a matsayin maganin gargajiya na farkon mura, amma ba ta ba 'ya'yan wannan matsayi ba, saboda bayanan da ke hannu ba su wadatar ba.

Wannan bai mayar da kofin banza ba. Ruwan zafi yana sassauta maƙogwaro da majina, zuma tana lafar da tarin dare, mai zazzaɓi yana buƙatar ruwa a jikinsa, kuma wanda aka dafa wa abu aka kai masa gado yakan kwanta ya huta maimakon ya fita. Duk waɗannan likita ba zai musa ba. Su ne kuma daidai abin da gidajen Turai suka daɗe suna nema a wurin elda: sauƙi, kafin jiki ya gama yaƙinsa.

Da kasuwa ta karɓa

Elda yanzu amfanin gona ce. Jihar Steiermark ta kudancin Ostiriya tana cikin manyan wuraren nomanta a Turai, da wani nau'i mai suna Haschberg da aka zaɓo a ƙasar, kuma kaso mai yawa na girbin yana tafiya masana'antu ne a matsayin rinin abinci da abin sha. Hangari da Polan ma suna nomawa. A Amurka jihar Mizuri ce kan gaba, a can aka yi taron masana na duniya na farko kan elda a birnin Columbia a watan Yunin 2013.

Annobar korona ce ta ɗaga ta sama. A 2020 elda ta zama ta ɗaya cikin magungunan tsirrai a manyan kantunan Amurka, inda aka yi cinikin sama da dala miliyan 275, ƙarin kusan kashi 150 cikin 100 a kan na shekarar da ta gabata. A wannan shekarar hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta aika wa wasu kamfanoni takardun gargaɗi saboda iƙirarin cewa kayansu na elda suna maganin korona, abin da babu binciken da ya tabbatar. Da buƙata ta fi girbi yawa, algus ya shigo. Masu sa ido kan ingancin magungunan tsirrai sun gano kayayyakin da aka rubuta elda a jikinsu alhali ruwan baƙar shinkafa ne a ciki, saboda launinsu ɗaya kuma ta fi araha. A shekarun 1750 elda ce ake zargi da algus: masu giya a kwarin Douro na Fotugal suna rina hajarsu da ita don ta yi duhu, har gwamnatin ƙasar ta ba da umarnin a tumɓuke itatuwan daga yankin. Yau ita ake yi wa.

Alewar roba mai ɗanɗanon elda da ake sayar wa yara, wadda yawancinta sukari ne, ta yi nisa da tukunyar da aka kwana ana tacewa. Wanda ya dafa nasa ya san abin da ya zuba. Wanda ya saya, takardar jikin kwalba kaɗai gare shi, don haka sai ya karanta ta: sunan Sambucus nigra ko Sambucus canadensis, yawan ruwan 'ya'yan da ke ciki, yawan sukari, da lambar rajistar hukumar ƙasarsa. Duk kwalbar da ta yi alkawarin hana kamuwa da cuta ta faɗi abin da masana ba su faɗa ba.

Inda kofi ya tsaya

Ga ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a Jamus ko Ingila ko Amurka, bishiyar tana nan a bakin hanyarsu, kuma babu laifi su koyi aikinta daga maƙwabcin da ya sani, ba daga hoton waya kaɗai ba. Wanda aka aiko wa busassun 'ya'yan, hukuncinsu ɗaya da ɗanyu: busarwa ba ta maye gurbin dafawa. Mai juna biyu da mai shayarwa su haƙura, domin ba a yi binciken da zai tabbatar musu da aminci ba. Mai ciwon sukari ya tuna abin da aka zuba a tukunyar. Wanda ke shan maganin danne garkuwar jiki ya tambayi likitansa tukuna.

Mafi muhimmanci shi ne sanin ranar da za a ajiye kofi. Murar yau da kullum, wadda bairas iri sama da 200 ke haddasawa, hutu da ruwa da haƙuri take so, kuma maganin antibayotik ba ya taɓa ta. Infuluwenza kuwa, a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, tana kashe mutum 290,000 zuwa 650,000 duk shekara, kuma tana da allurar rigakafi. Nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 sama da 740,000 a 2019. Yaron da ke numfashi da sauri, ko haƙarƙarinsa na lotsawa, ko ya ƙi nono. Babban da zazzaɓinsa ya wuce kwana 3, ko ƙirjinsa ke ciwo. Tsohon da ya fara ruɗewa: waɗannan na asibiti ne a ranar, ba gobe ba. A ƙasashenmu da zazzaɓin cizon sauro ke shigowa da kamannin mura, gwajin jini ne ke raba gardama.

Elda ta cancanci matsayin da gidajen Turai suka ba ta: abin sha mai ɗumi, mai araha, wanda wataƙila ya rage wa mai mura kwana ɗaya ko biyu, kuma ba ya cutarwa muddin an tsince shi da kyau an dafa shi. Duk wanda zai koya wa wani yadda ake haɗa shi, wajibi ne ya haɗa masa da sauran darasin: wace bishiya ce ba a taɓawa, minti nawa ake tafasawa, da alamomin da idan an gan su za a sauke tukunya a nemi likita.